Daga Narambaɗa Zuwa Breaker: Me Kunnen Ɗanki Yake Sha a Wayarki?

 Kafin ki yi nisa da karatu, yi mini abu guda. Shiga inda waƙoƙi suke a wayar nan da ke hannunki, ki gangara ƙasa a hankali. Guda nawa ne ke kika zaɓa da kanki? Guda nawa ne yaron da kika aika ranar kasuwa ya sa mai tura waƙa ya loda miki? In gidanki irin namu ne, za ki tarar da karatun Alƙur'ani da wa'azi a sama, sai bege, sai waƙoƙin soyayya na fim da ba su ƙirguwa, sai wata waƙar siyasa da aka daɗe da gama zaɓenta. Can ƙasa kuma wataƙila Shata guda ɗaya, wadda maigida ya ce kada wanda ya kuskura ya goge.

Wannan jerin shi ne rediyon gidanki yanzu. Da can akwatin rediyo yana hannun maigida, gidan rediyon Kano ko na Kaduna ke zaɓa wa kowa abin da zai ji, kuma a yini guda sai an bi da kai ta kan makaɗin fada, da mai goge, da mai kukuma, da ɗan Indiya, ko kana so ko ba ka so. Yau zaɓin ya dawo cikin gida, kuma a gidaje da yawa wayar uwa ce ke yawo hannu-hannu daga safe har dare. Abin da ke cikinta shi kunnen yaro yake sha tun kafin ya iya magana.

A kakar da ta wuce na je bikin 'yar ƙanena a ƙauyenmu, tsakanin Bichi da Bagwai, inda gona ke manne da gona, ba ka ganin daji sai gawo da kuka da ɗorawa a tsaitsaye cikin karan dawa. An gama kai amfani gida, rumbuna sun cika, aure ko'ina. Daren da za a kai amarya, 'yan mata suka kafa ƙaramar sifikar nan da suke kira MP a kan turmi, suna ta sakin waƙoƙin yayi ɗaya bayan ɗaya. Gwaggona, wadda ta ba saba'in baya, ta yi haƙuri har ta gaji, ta ce ko a sa mata Barmani ko a kashe. Aka yi ta dariya, aka nemo a wayar wata matar wa. Ƙwarya na fara tashi, waɗanda suka yi dariyar su ne suka riga ta shiga fili.

Daga baya wani yaro, da niyyar tsokana, ya saki Narambaɗa. Nan fa aka yi tsit. Babu wanda bai kai talatin ba da ya fahimci ko rabin abin da ake faɗa. Har an kai hannu za a canza, sai kawunmu ya leƙo daga zaure ya ce a bar masa. Ya sa aka tsayar, aka mayar baya, ya warware musu ɗan waƙa guda ɗaya tak: wane sarki ake yabo, wa ake yi wa habaici, me ya sa aka kira shi da sunan wata dabba ba a ambaci sunansa ba. Yaran suka ce a sake mayarwa. Sau uku aka ji wurin.

Tun daren nan na daina cewa yaran yanzu ba sa son waƙar da. Ba wanda ya zauna ya buɗe musu ita, shi ke nan.

Manyan waƙoƙi da na yayi

Kusan kowace al'umma tana da wani rukunin kiɗa da take ɗauka uba ga sauran. Turawa suna da nasu, irin na su Mozart da Beethoven, wanda ake rubutawa a takarda, mutum sittin ko tamanin su zauna su kaɗa tare. Larabawa suna da irin na Ummu Kulsum ta Masar. Indiyawa suna da nasu da ake shekara da shekaru ana koya a gaban malami, daban da na fim ɗin da muka sani. Abin da ya haɗa su: ba a iya su dare ɗaya, suna da ƙa'ida, kuma ji na biyu ya fi na farko daɗi.

Mu ma muna da namu, sai dai mun saba da shi har mun daina ganin girmansa. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu. Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi. Sarkin Taushin Sarkin Katsina. Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991. Mamman Shata, ɗan Musawa, da ya yi fiye da shekara hamsin yana waƙa da kalangu, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, wanda ake yi da gwangwanin kifi a rufe da fata, ya rasu a 2015. Haruna Uji na Haɗejia da gurmi. Garba Sufa da kukuma. Ɗan'anace da ya yi wa Shago waƙar dambe har sunan ya zama karin magana. A ɓangarenmu na mata, Uwaliya Mai Amada a Kano, da Barmani Coge ta Funtuwa wadda ta rasu a 2013.

Yawancin waɗanda aka yi wa waƙoƙin nan sun riga mu gidan gaskiya, kyautar dawaki da riguna da aka bayar ta ƙare tuntuni, amma waƙar tana nan. A jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato ana rubuta kundin digiri a kansu. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya shafe rayuwarsa yana tattara su da tarihin masu su. Kiɗan fada kuwa, kakaki da algaita da tambari, yana cikin abin da ya sa hukumar UNESCO ta saka hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana a Disamban 2024. Ba sai kin je birni ba. Yaron da aka ɗora a kafaɗa ya kalli hawan Sarkin Bai a Dambatta ko na hakimin garinku, ya ji wannan kiɗan da kunnensa.

Wani abin da zai ba ki sha'awa, ke da kike zaune cikin manoma: tarihin Narambaɗa da na Ɗanƙwairo duk ya nuna da kiɗan noma aka fara. Kafin fada, gona ce makarantarsu, a bayan 'yan gayya, ana zuga ƙato ya cinye kuyya kafin rana ta take.

Yadda ake jin su

Babbar waƙa tana da gini, kamar ɗaki. Akwai gindi, wato ɗan guntun da 'yan amshi ke komawa gare shi a kai a kai. Akwai ɗiya, wato rassan da jagora ke fitarwa tsakanin gindi da gindi. In za ki fara da ƙaramin yaro, gindin za ki ba shi. Ki ce ya tafa duk lokacin da aka dawo kansa. Yaro ɗan shekara huɗu zai iya wannan, kuma cikin kwana biyu zai riga 'yan amshin.

Sai ki ja hankalinsa ga bambancin makaɗan. Shata shi kaɗai ke zuba magana, 'yan amshinsa gindi kawai suke riƙe masa, shi ya sa yake iya ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a. Su Ɗanƙwairo kuwa jagora ya fara magana, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa masa, wani lokaci su ƙara nasu, muryoyi su hau kan juna ba tare da an yi karo ba. Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna an tsara, an maimaita har ya zauna. Ki sa masa ɗaya, ki sa masa ɗayar, ki tambaye shi wa ke ƙarasa maganar a nan. Wasa ne, amma kunne yake buɗewa.

Kalangu kuma magana yake yi, ba faɗa ba ce kawai ta manya. Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Kukan yaro daban, kukar miya daban. Wuyan riga daban, wuyar aiki daban. Baƙaƙen ɗaya ne, muryar ce ke rarrabewa. Makaɗi yana saɓa kalangu a hammata, in ya matse tsarkiyoyin da suka haɗa fatun biyu sai sautin ya hau, in ya saki ya sauka. Da haka yake bin hawa da saukar magana har ya kira sunan mutum ko ya yi masa take, mai taken ya ji daga nesa ya san da shi ake. Shi ya sa da can kowace sana'a da kiɗanta: mahauta kalangu, maƙera dundufa, maharba garaya, manoma gangar noma. Ki gwada faɗar sunan ɗanki ba ki buɗe baki ba, da ƙugin murya kawai. In ya gane, to ya gane sirrin kalangu.

Inda ake shan wuya shi ne harshen. Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗanƙwairo da Hausar yamma suke waƙa, ta Sakkwato da Zamfara, inda biyar take biyat, fada take hwada, 'ya'ya suke ɗiya. Ga kalmomin sarauta da na doki da na yaƙi da mun daina amfani da su. Ni kaina akwai wuraren da sai na tambaya. Kada wannan ya sa ki ja da baya, don a nan ribar take. Yaron da ke makarantar da ake cin tararsa in ya yi Hausa, ya dawo gida ya tarar da Hausar fim, ina zai ji kalmomin kayan doki, ko sunayen iskokin damina, ko yadda ake yi wa mutum faɗa ba a kama sunansa ba? Kalma ɗaya a mako ta isa. In kin rasa ma'anarta, ki aike shi wurin kakansa. Tsofaffinmu da yawa suna zaune a zaure ba mai tambayarsu komai sai kuɗin cefane.

Shawara ɗaya: kada ki sa yaro ya zauna ya ji waƙar minti ashirin a matsayin darasi. Ki sake ta tana yi kina tsince wake ko kina ɓarar gyaɗa. Kunne yana ɗauka ko mai shi bai sani ba.

Tsufa ba tsarki ba ne

A nan zan saɓa wa wasu iyayenmu. Ba kowace tsohuwar waƙa ce ta dace da kunnen yaro ba. Shata yana da waƙoƙin da ya yi wa mashaya. Barmani tana da kalaman da a tsakanin matan aure aka yi su, a ɗakin biki, ba a gaban 'yan shekara goma ba. Zambon wasu makaɗan fada yana taɓa halittar mutum da asalinsa ta hanyar da ba za ki so ɗanki ya kwaikwaya a makaranta ba. Kuma an sha kambama mai kuɗi don kuɗinsa kawai. Don haka tacewar da kike yi wa sababbi, ki yi wa tsofaffi.

Haka nan ba kowace sabuwa ce shirme ba. Tun ƙarshen shekarun 1990 da fiyano ta shiga ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, mutum ɗaya ya koma yana fitar da sautin da da sai mutum goma. An samu sauƙi, an kuma samu kasala: kiɗa ɗaya a ɗora masa waƙa ɗari, na'ura ta lanƙwasa murya har ki kasa gane wa ke yi. Amma a cikin wannan taron akwai masu aiki. Aminu Ala yana zuba Hausar da malamin jami'a zai tsaya ya rubuta. Naziru Sarkin Waƙa ya ɗauko salon fada ya ɗora a kan kayan zamani, yaran da ba su san Ɗanƙwairo ba suna bin sawunsa ba su sani ba. Ali Jita da Ado Gwanja sun riƙe filin biki, kuma wanda ya san amada zai ji ƙamshinta a waƙoƙin matan da Gwanja ke yi. A 2020, lokacin kullen korona, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta shiga kusan kowane gida, har matan aure suka yi ta ɗaukar bidiyo suna yi wa mazansu rawa, aka yi ta cece-kuce. Ko kin so abin ko ba ki so ba, 'yarki ta san waƙar. In kika ce duk abin da take so banza ne, ranar da kika kawo mata naki ita ma haka za ta ce.

Abin da na ga yana aiki a gidana shi ne musaya. Ke ɗaya, ni ɗaya. Ta sa tata in ji har ƙarshe ban yi tsaki ba, in tambaye ta me ya burge ta. Sannan in sa tawa. Ta wannan hanya na gano waƙoƙi biyu da na sa aka goge, bayan mun zauna mun warware abin da baitin yake nufi, ita da kanta ta ji kunya. Da na hana daga nesa, da ta koma ji a wayar ƙawa.

Kunnen Bahaushe dama bai taɓa zama a gida ɗaya ba. Iyayenmu da ke kukan waƙar yanzu ta zama ta Indiya, su ne suka cika silimun Kano suna kallon Indiya, suka haddace Lata Mangeshkar da Muhammad Rafi ba su jin kalma ɗaya. Masu bege da mandiri sun ɗauki karin wasu waƙoƙin Indiyan suka ɗora yabon Annabi (SAW) a kai. Waƙoƙin Sudan sun yi zamani a ɗakunan amare. Kuma abin yana fita kamar yadda yake shigowa: Mdou Moctar, Buzun Nijar mai jita da yanzu yake cika dandali a Turai da Amurka, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, da salon muryar waƙoƙin fim ɗin Hausa, kuma ta memorin waya ya bazu a Sahara, irin dai memorin da ke cikin wayarki.

Maganar addini

Na san wasu tun daga sama suke jira in zo nan. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa tun da daɗewa, akwai masu hanawa, akwai masu sassautawa da sharuɗɗa, kuma ba ni ce zan raba wannan gardama ba. Ki bi abin da malaminku da maigidanki suka tsaya a kai. Abin da zan ce kawai shi ne, ko a gidan da ba a jin ganga sam, akwai babbar taskar murya zalla. Ishiriniyar Alfazazi, mutumin Andalus na ƙarni na 13, har gobe ana rera ta a unguwanni da ƙauyukan Kano, musamman a watan Mauludi. Ga Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin Zariya, wadda almajirai da makafi suka yaɗa ƙofa-ƙofa. Ga waƙoƙin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta riƙa tura jajis ƙauyuka suna koyar da mata addini ta hanyar waƙa. Waɗannan ma suna da kari da ma'auni da amsa-amo, kuma yaron da ya tashi da su kunnensa ba zai zama kurma ga kyakkyawar magana ba.

Na Turawan fa?

Kin daɗe kina jin sa. Ƙarar kiran tsohuwar Nokia, wadda ta tashe mu daga barci shekara da shekaru, guntu ce daga wani kiɗan jita da Francisco Tárrega, mutumin Sifaniya, ya tsara a 1902. Kiɗan da ke tashi a bayan katun ɗin yara da tallace-tallace, da yawansa daga can aka yanko.

Wata ta taɓa turo mini saƙo a WhatsApp wai in ana sa wa jariri Mozart zai yi ƙwaƙwalwa. Asalin zancen wani gwaji ne da aka yi a wata jami'a a Kalifoniya a 1993. Ɗaliban jami'a aka gwada, ba jarirai ba. Sun ji kiɗan na minti goma, suka ɗan fi ƙoƙari a wani nau'in gwaji guda, kuma cikin kamar kwata na awa abin ya baje. Amma labari ya riga ya fita, har gwamnan jihar Jojiya a Amurka ya nemi a 1998 a riƙa raba wa masu jego faifan irin wannan kiɗa. Kada ki ƙona datarki don wannan. Muryarki da kike yi wa jariri wasa da ita ta fi masa kowane faifai.

In dai don daɗi ne, ki gwada. Ki nemi kiɗa na tara na Beethoven, wanda aka fara kaɗawa a Biyana a 1824 lokacin mai shi ya kurumce. Ya fi awa guda, don haka ki tsallaka zuwa kashin ƙarshe. Za ki ji wani ɗan kari mai sauƙi ya fara can ƙasa-ƙasa kamar raɗa, wasu kayan su karɓa, wasu su ƙara, har muryoyin mutane su shigo. Gindi ne da amshi, da wata riga. Yaran gidanmu abin da ya fi ba su mamaki shi ne ganin goge kusan arba'in a wuri guda, duk bakansu na tafiya tare. Ummu Kulsum kuwa, wadda ta rasu a 1975, takan riƙe waƙa ɗaya kusan awa, tana juya baiti guda ta fuska daban-daban, kuma a zamaninta daren Alhamis ɗin farko na wata mutane kan taru gaban rediyo a ƙasashen Larabawa don ita. 'Yar islamiyyar da ta fara jin Larabci za ta tsinci kalmomi a ciki.

Waɗanda ba su cikin kowace memori

Duk waɗanda na ambata a sama, an ɗauke su. Ko an goge a wayarki, suna gidan rediyo, suna intanet, suna wurin mai tura waƙa a kasuwar Dambatta ko Bichi. Akwai wasu kuwa da ba su ko'ina sai a bakin tsofaffin mata, kuma waɗannan su ne suka hana ni barci bayan bikin nan.

Ki tuna gidanku kina yarinya. Asuba ta yi, taɓare uku a turmi ɗaya, ana lugude, ana jefa taɓarya sama a tafa kafin ta sauko, wata na ba da waƙa sauran na amsawa. Mace a durƙushe gaban dutsen niƙa, ita kaɗai, tana faɗa wa dutsen abin da ba za ta iya faɗa wa miji ko uwar miji ko kishiya ba. Wanda ake yi dominsa yana ji daga ɗaki, ba shi da bakin magana, don ai waƙa ce. Waƙar raino da ake yi wa ɗan fari, wanda kunya ta hana a kira sunansa, sai a zuba masa ƙaunar a cikin waƙa. Gaɗa a dandali da farin wata. Shantu a ɗakin amarya, ana buga shi a cinya. Waƙoƙin da ke cikin tatsuniya. Na tashe in azumi ya kai goma.

Ba wanda ya hana waɗannan. Aikin da ke ɗauke da su ne ya tafi. Injin niƙa ya shigo kowane ƙauye, kuma ba ni cikin masu kukan dutse, don na san abin da ya yi wa gadon bayan iyayenmu. Injin casa da na sussuka suna rage aikin turmi. Gayya ta ja baya, kwadago da maganin feshi sun karɓi wurinta, gangar noma ta koma rataye. Dandali ya mutu a wurare da yawa, wani wurin don islamiyyar dare, wani wurin don tsoro, wani wurin don waya. Abin dariya, a birni 'yan mata suna ware rana guda a biki su yi shigar ƙauyawa su ɗauki ƙwarya da faifai, mu kuma a ƙauyen muna haya janareto da mai sifika.

Waƙar daka ta ƙauyenku ba lallai ta zama ɗaya da ta ƙauyen da ke gaba da ku ba. Akwai sunayen mutanen garin a ciki, da rijiyoyinsa, da wata yunwa da aka yi, da wata amarya da ta gudu. Ranar da tsohuwar da ta iya ta tafi, ta tafi da ita.

Wayar da muke zargi ita ce kuma maganin. Kowace tana da wurin ɗaukar murya. Ga abin da na koya da na gwada da gwaggona. Kada ki tunkare ta da waya a hannu ki ce yi mini waƙa, za ta ce ta manta, ko ta ce ita yanzu sai istigfari. Ki bari sai hannunta na cikin aiki, tana kaɗi ko tana ɓarar gyaɗa, ke ki fara rera guntun da kika tuna, ki yi shi ba daidai ba. Ba za ta iya jurewa ba, sai ta gyara miki. In ta ɗauka, ki nemi izininta ki ɗauka. In surukarki ce kuma akwai kunya tsakaninku, tura jika, don tsakanin kaka da jika ba a jin nauyi. Bayan ta gama ki tambaye ta wurin wa ta koya, a wane gari, da wane lokaci ake yin ta, duk ki bar wayar tana ɗauka. Sau da yawa labarin ya fi waƙar.

Ki yi mata alƙawarin ba za ki ɗora a TikTok ko Facebook ba sai da yardarta, kuma ki cika. Wasu waƙoƙin niƙan habaici ne ga mutanen da jikokinsu ke raye a gidan da ke kallon naku. Sannan kada ki bar shi a waya ɗaya. Waya tana faɗawa rijiya, memori yana lalacewa, yaro yana gogewa don ya sami wurin fim. Ki tura wa 'yan'uwa biyu ko uku, ki sa wa kowane sauti suna da shekara.

In za ki aika wurin mai tura waƙa, ki rubuta masa sunaye a takarda, kada ki ce ya zuba masu daɗi, don abin da samari ke tambaya shi zai zuba, har da wanda ba ki so. Ki ce ya raba miki gida-gida: na fada, na mata, bege, na zamani, na waje. Kuma ki lura da abin toshe kunnen nan da yara ke kwana da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayar. In kina kusa da yaro kina jin abin da yake ji, ya yi yawa. Ni na fi son sifika a tsakar gida, ko ba komai na san me ake ji.

Gwaggona ta ba ni waƙa bakwai a zama biyu: uku na daka, biyu na niƙa, ɗaya ta raino, da wata ta gaɗa da ta tsaya a tsakiya ta ce sauran ya ɓace mata, wadda ta iya ƙarshen ƙawarta ce da aka aurar Kunci, kuma ba ta san ko tana raye ba. Na bar wa ƙanena saƙo ya bincika in ya je cin kasuwa ta can. In a cikinku akwai 'yan Kunci ko Tsanyawa da iyayensu suka yi gaɗa kafin zuwan injin niƙa, ku yi mini magana a ƙasan wannan rubutu, ku faɗi sunan garin, in turo muku rabin da ke hannuna ku ji ko tsohuwarku za ta ƙarasa.